Kwalbar Da Iya Ta Ɗaura Wa Zare

Zan fara da neman afuwa. Abin da zan faɗa ya daɗe, kuma ban rubuta komai ba a lokacin, saboda haka akwai wuraren da ban tabbata ba ko tunawa nake yi ko zuciyata ce ta cike gurbi. Shekarar ma ba zan rantse a kanta ba. Na san dai ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, bayan na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa, na dawo gida ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

Markar bana ce ta tayar mini da maganar. Rana ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, shanya ta ƙi bushewa, bangon zaure ya jiƙe har yana wari. Ina zaune da rediyo sai na ji ana cewa an fara yi wa ƙananan yara allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a wasu jihohi. Na kashe rediyon, domin akwai wadda ta riƙa tambayata wannan labarin kowace damina har Allah ya karɓi ranta.

Gidanmu yana cikin wani lungu a Ƙofar Kibo, tsakanin ganuwa da wani kududdufi da aka ce daga cikinsa aka haƙi ƙasar da ta gina rabin unguwar. Mahaifinmu ya rasu tun ina sakandare. Wadda ke riƙe da gidan ita ce mahaifiyarsa, muna kiranta Iya. Sai yayana Lawal, malamin firamare ne, da yamma kuma yana ɗinkin hula a zaure. Sai matarsa Rabi da 'yarsu ta fari. Sunan Iya aka sa wa yarinyar, don haka ba mai furta shi a gidan. Mu muna ce mata Ummi, Iya tana ce mata Takwara, Rabi kuwa saboda kunyar 'yar fari ba ta wuce "yarinyar nan". Ni kuma Iya tana kirana Maigida, irin wasan kaka da jika, kullum tana ƙorafin cewa ta auri miji mai digiri wanda ko gishiri bai taɓa kawowa ba.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Da rana katanga tana huci kamar murhu, ruwan randa ya zama kamar an ɗumama. Kafin ruwan farko, kamar kowace shekara, mazan lungun suka haɗu don yaɓe. Yau a soron wannan, gobe a na wancan. Ana kwaɓa ƙasa da ƙafa, ana miƙa ta sama hannu zuwa hannu, ana gyara indararo, mata suna aiko da kunun tsamiya a ƙwarya. Ni aka fi ba wa ɗebo ruwa, wai hannun ɗan boko ba ya riƙe yaɓe. Da ruwa ya sauka muka fita gonarmu ta bayan ganuwa muka shuka masara da dawa. Ƙanshin ƙasar nan na ranar farko har yau yana hancina. Ba wanda ya kawo komai a ransa.

A daidai lokacin ne aka yaye Ummi, tana gab da shekara biyu. Mahaifiyar Rabi ta riga ta rasu, sai yayen ya faɗo kan Iya. Aka karɓo rubutu aka ba yarinya ta sha, Rabi ta tafi wajen danginta a Tudun Jukun ta ɗan kwana biyu don a manta da nono, Ummi ta koma ɗakin Iya da 'yar tasarta da tsummokaranta. Tun daga ranar ta zama amanar Iya. Ina jin Iya ba ta so lokacin ba. Na ji ta ce wa Yaya Lawal da an bari an ci sabuwar masara, amma ban san abin da ya amsa mata ba.

Iya ba ta tambayar shekarun yaro. Sai dai ta ce, "Damina nawa ya ƙetare?" Ta binne 'ya'ya fiye da waɗanda ta aurar, kuma yawancinsu, in ji ta, tsakanin marka da fitar sabon hatsi suka tafi. In yaro ya ƙetare damina biyar ko shida takan ce ya fara zama mutum. Ummi tana shiga ta uku ke nan.

Ana cikin haka wani malamina na jami'a ya aiko a kira ni. Dokta kawai zan ce masa. Yana wani bincike a kan zazzaɓin cizon sauro, yana neman ɗan cikin birni wanda mutane suka san iyayensa. Tambayar da yake bi mai sauƙin faɗi ce. Sauro ɗaya ke cizon babba da yaro a ɗaki ɗaya, me ya sa yaro ke mutuwa, babba kuwa ya yi ɗan ciwon kai ya tashi? Amsar da aka sani, gwargwadon fahimtata, ita ce duk zazzaɓin da mutum ya yi ya tashi, jikinsa yana ƙera wasu ƙananan abubuwa a cikin ruwan jini masu gane ƙwayar cutar. In ta sake shigowa sai su manne mata, su hana ta kutsawa cikin jajayen ƙwayoyin jini, su nuna ta ga masu cinye ta. Yanzu ana ce musu garkuwar jiki. Matsalar ita ce ƙwayar tana yawan sauya riga, don haka garkuwar ba ta cika da ciwo ɗaya ko biyu, sai an sha shekaru ana kwanciya ana tashi. Wanda bai tashi ba kuwa shi ke nan. Dokta yana so ya ɗebi jinin manyan da suka tsufa a bakin kududdufai, ya ga wane sashe na jikin ƙwayar garkuwarsu ta fi kamawa. In an gane wurin, wata rana za a iya nuna wa jikin yaro shi ta hanyar allura, ya ƙera tasa garkuwar ba tare da ya biya da ransa ba.

Na fara roƙon jinin daga zaurukan unguwarmu, ban sha da daɗi ba. Ana saurarena saboda darajar mahaifina, sannan a ce za a yi shawara. Maƙwabcinmu Malam Iro, mai ɗinkin manyan riguna, bai ma ɗaga kai daga allurarsa ba.

"Nuhu," ya ce mini, "jinin da tuwon bana ya kasa ƙarawa, shi za ka zo ka rage?"

Aka yi dariya. Daga baya dai ya bayar, bayan ya ga Yaya Lawal ya bayar bai faɗi ba. Mata kuwa ko maganar ban iya kai musu ba.

Wata hantsi na shiga cikin gida na tarar da Iya a bakin ƙofarta tana kaɗi, Ummi tana gefe tana wasa da alli. Kusa da su akwai ɗan kasko da saiwoyi a jiƙe. Dauri ne, ruwan magani mai ɗaci da ake ɗura wa jarirai da yaran yaye don ya ƙarfafa su kafin ciwo ya zo.

"Maigida, zo nan," in ji ta. "An ce ka zama maye. Kana bi zaure-zaure kana roƙon jinin mutane. Ashe digirin maita ka yo mana?"

"Iya, ke ma zan zo kanki."

"Ka zo. Ƙashi za ka samu."

Na zauna a kan turmi. Na ce, "Iya, yaushe rabonki da zazzaɓi mai kwantarwa?"

"Ni? Sauro ya gaji da ni. In ya cije ni shi ke zuwa neman magani."

"To abin da ke hana ki kwanciya, shi muke so mu gani. Yana cikin jininki."

"Mene ne shi?"

A nan na rasa kalma. A lokacin ban taɓa jin an faɗe shi da Hausa ba, da Turanci kawai na san shi. Na duba hagu na duba dama, idona ya faɗa kan kaskon.

"Kamar dauri ne," na ce. "Sai dai jiki ne ke jiƙa abinsa. Duk zazzaɓin da mutum ya tashi daga gare shi, kamar an ƙara saiwa ne a ciki. Naki ya shekara da shekaru yana tsimuwa."

Mazarin ya tsaya. Ta dubi Ummi.

"Takwara tana da shi?"

"Ta zo duniya da ɗan na uwarta, amma wannan yana ƙarewa tun yaro yana 'yan watanni. Nata kuwa bai tsimu ba."

"To ɗebi nawa ka ba ta."

Da wani ne da ya yi dariya ya ce ba a yin haka, magana ta mutu. Ni kuwa na karanta cewa an taɓa gwada irin wannan tun kafin a haife ni: aka tace ruwan jinin manya aka yi wa yara masu zazzaɓi allurarsa, ƙwayoyin suka ragu. Na kuma san sai an tara jinin mutane da yawa, sai kayan tacewar da ba mu da su, ga haɗarin kwaso wata cutar a zuba wa yaro. Ban iya cewa e ba, ban kuma iya cewa a'a ba, domin kowanne a ganina ƙarya ne. Haka nake tun ina yaro, ba na iya yanke magana.

"Ba haka kai tsaye ba, Iya. Sai an tace, an bincika, an gwada. Abu ne mai tsawo. Tukuna dai."

"Tukuna," ta maimaita. "To ai ba a'a ka ce ba. Yaushe za a zo a ɗiba?"

Wata ma'aikaciyar jinya da ke taimaka wa Dokta ita ta zo. Iya ta miƙa hannu ba ta ko kau da kai ba, hannu siriri, lalle ya fara koɗewa a tafinsa. Da aka gama ta ce a ba ta kwalbar ta gani. Ta ɗaga ta sama tana dubawa kamar mai sayen man shanu. Sannan ta tsinko zare daga mazarinta, farin zaren da ta kaɗa da hannunta, ta naɗa a wuyan kwalbar ta ƙulle.

"Kada a haɗa mini da na Malam Iro," ta ce. "Shi ko ƙuda ya gifta ta gabansa sai ya kwanta."

A ɗakin gwaji ba a rubuta suna a kwalba, lamba ake sawa. Muna sa jinin a wata na'ura mai juyawa har ja ya kwanta a ƙasa, ruwa mai launin rawaya ya taso sama. Wannan ruwan muke zuƙewa mu zuba a wata 'yar kwalba mu kai firiji mai daskarewa. Da na zuba na Iya, sai na kwance zaren na mayar da shi kan sabuwar kwalbar. Dokta ya gani ya tambaya, na gaya masa, ya yi murmushi ya ce a bar shi. Akwai gwajin da muke yi a ɗaki mai duhu, inda ƙwayoyin cutar ke yin haske kore a ƙarƙashin madubi in garkuwa ta kama su. Na tuna ya kira ni ya ce in leƙa, na ga kamar an watsa ƙananan fitilu. Ya ce na kakata ne. Ko gaskiya ne ko don ya faranta mini rai ne, ban sani ba.

Sai marka ta kama. Ruwa ba mai ƙarfi ba, amma ba ya ɗaukewa. Yana zuba siriri tun safe har wata safiyar, sama ta yi launin toka. Yaɓen da muka yi ya fara saki, muka jera kwanoni a tsakar ɗakuna. Katangar bayan gidan Malam Iro ta zauna da rana tsaka, Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Itace ya jiƙe, kananzir ya yi wuyar samu, Rabi takan durƙusa gaban murhu tana hura wuta har idonta ya yi ja. Dawar bara ta kusa ƙarewa, masara ba ta nuna ba, kayan kasuwa kuwa shekarun nan kowa ya san yadda suka yi. Muka koma fate da yakuwa, ruwa ya fi tsaki yawa, wata rana kwaɗon tafasa. Manya suna cewa sun ƙoshi don yara su ƙara. Kududdufi ya cika ya shigo lungu, kwaɗi suna kuka ba hutu. Da magariba ta gabato sauro ke tasowa daga can kamar hayaƙi. Iya tana da gidan sauro guda, faci ya fi asalin yadin yawa, a ciki take kwana da Ummi. Tana ƙona ɗoɗɗoya da busasshen ɓawon lemo a kasko har mu yi ta tari. Duk da haka da safe sai ka ga ƙafafun yarinyar sun yi ruɗu-ruɗu.

Zazzaɓin farko bai tsorata mu ba. Na je kemis na sayo ruwan kulorokwin, aka ba ta, ta yi amai, aka sake ba ta, ta tashi ta ci gaba da bin kaji. Ba a jima ba ya dawo. A ɗakin gwaji na ji ana cewa maganin ya fara gazawa a wasu wurare, amma ba wanda ya tabbatar mini ya iso garinmu, kuma shi ne abin da ke akwai. Aka sake ba ta. Iya ta haɗa da sirace na ganyen darbejiya, ta ƙara dauri. Jiki ya yi sanyi, ya sake ɗaukar zafi. Yarinyar ta daina bin kaji. Tana zaune a cinyar Iya, kanta a jingine, in an miƙa mata koko ta kau da fuska. Na duba tafin hannunta na ga ya yi fari, na ce wa Yaya Lawal ina ganin ya kamata a kai ta asibiti, ko da yake mai yiwuwa rashin cin abinci ne. Ya ce a ga gobe.

Kowace safiya in zan fita Iya takan ce, "Maigida, ya tsimu?"

"Tukuna, Iya."

"Ka ce musu su yi sauri. Takwara ba ta da ƙarfin jira."

Ranar da abin ya faru an wayi gari da ruwa. Wajen hantsi Rabi ta fito daga ɗakin Iya ba mayafi ta ce wa mijinta, "Zo ka ga yarinyar nan." Ummi tana numfashi sama-sama, idanunta sun juye, hannunta yana fizga. Mota ba ta shiga lungunmu ko da rani. Yaya Lawal ya saɓa ta a kafaɗa, na riƙe musu lema, muka bi ta cikin ruwa har gwiwa zuwa bakin titi. Da na waiwaya sai ga Iya a bayanmu, ta tattare zani, tana dafa bango. Ta yi shekaru ba ta wuce zaure ba. Na ce ta koma.

"A hannuna aka ba ni ita," ta ce. Ta ci gaba da bin mu.

Ɗakin yara a asibiti ya cika, gado ɗaya yara biyu, iyaye mata a zaune a ƙasa da jiƙaƙƙun zannuwa. Ma'aikatan suna ta kai da kawo, ba na jin akwai wanda ya zauna a cikinsu ranar. Likita ya ja fatar idon Ummi ƙasa ya duba, ciki fari fat kamar auduga. Ya ce cutar ta farfasa mata jini, sai an ƙara, kuma yanzu.

Iya ta ture hannun rigarta ta miƙa.

"Baba, ke kam a'a," in ji wata ma'aikaciya. "Kin tsufa, ba za a ɗebi naki ba. Ina uban?"

Aka tafi da Yaya Lawal a gwada nasa. Iya ta juyo gare ni, fuskarta har da ɗan haske, kamar wadda ta tuna inda ta yi ajiya.

"Maigida, ai nawa yana wajenku. Yi maza ka ɗauko. Mai zaren."

"Iya, wannan bai kai cokali ba. Kuma ba jan ba ne, ruwan ne kawai. Ba irin wanda take bukata ba ne."

"Ba kai ka ce daurin a ruwan yake ba?"

"Na ce."

"Ba ka ce tukuna ba? To yau ce ranar. Wace ranar kuma ake jira?"

"Iya, ba irin wannan tukunar ba ce. Ta shekaru ce. Wataƙila ni ma ba zan gani ba."

Ta daɗe tana kallona. Ba ta yi faɗa ba. Ta sauke hannun rigarta a hankali ta koma bakin gadon ta kama ƙafar yarinyar tana murzawa.

Jinin Yaya Lawal ya dace. Kafin a gwada, a ɗiba, a samu jijiya a wannan ɗan hannun, azahar ta wuce. An rataya ledar, jini ya fara sauka ɗigo-ɗigo, muka ɗan ji sanyi. Wajen la'asar, leda ba ta kai rabi ba, numfashin ya tsaya. Rabi, wadda ba ta taɓa ɗaukar 'yarta a gaban mutane ta yi mata wasa ba, ta sunkuya ta kira ta da sunanta na yanka, sau ɗaya, a hankali.

"Hauwa'u."

Iya ta ce, "Na'am."

Sunanta ne, kuma ta yi shekaru masu yawa ba wanda ya kira ta da shi. Ina jin bakinta ne ya amsa kafin ta ankara. Rabi ta ce ita ba ta tuna an yi haka ba. Ni dai haka na ji, kuma ina tsaye kusa da su.

An binne ta kafin magariba. Ƙasar ta jiƙe har sai da aka kwalfe ruwa daga ramin da ƙwarya. Ba a yi mako biyu ba, in ban manta ba, rana ta fito, masara ta nuna, yara suka cika lungu da gasasshiya a hannu. Iya ta ajiye mazari. Ta daina ce mini Maigida, in ta kama dole sai ta ce "kai".

Ina gida wajen zaman makoki wuta ta ɗauke a ɗakin gwaji na kwanaki, janareta kuma ya lalace. Da na koma na tarar firijin a buɗe, an wanke shi, wari bai gama fita ba. Duk abin da ke ciki ya narke ya lalace, an kwashe an zubar. Amma kafin wannan, Dokta ya yi tafiya da wasu kwalabe a cikin akwatin ƙanƙara zuwa wani ɗakin bincike a ƙasar waje inda suke da kayan aikin da ba mu da su. Na tambayi wanda ya wanke firijin ko ya ga kwalba mai zare, ya ce bai lura ba. Na tambayi Dokta da ya dawo, ya ce yana jin ya ɗauka, ya sake tunani ya ce ba zai iya tabbatarwa ba. Bai daɗe ba ya bar ƙasar, kamar yadda malamai da yawa suka yi a shekarun. Binciken ya tsaya. Ni kuma na samu koyarwa a wata sakandare, a nan na yi aikina har na ajiye.

Damina ta zagayo. Ranar ruwan farko, ƙasa tana ƙanshi, ina gyara indararon ɗakin Iya sai na ji muryarta daga ƙasa.

"Maigida."

Na kusa faɗowa. Rabona da jin sunan tun asibiti.

"Daurin nan ya tsimu?"

Na leƙo don in ga ko gori take yi mini. Ba gori ba ne. Rabi tana tsakar gida tana tankaɗe da sabon jariri a bayanta, shi Iya take kallo.

"Tukuna, Iya."

"To. Su dai riƙe shi da kyau. Ka ce musu mai zaren ne."

Haka muka yi kowace shekara, ranar ruwan farko, har ta rasu a tsakiyar shekarun casa'in. Ban gaya mata labarin firijin ba, domin ni kaina ban san ko nata yana ciki ba.

Ba na so in faɗi abin da ya fi ƙarfin sanina. Allurar da ake yi yanzu, bisa abin da na karanta, tana koya wa jiki ya tare ƙwayar ne tun lokacin da sauro ya zuba ta, kafin ta isa hanta. Mu kuwa matakin da take cikin jini muke dubawa. Kuma an ce ba ta karewa gaba ɗaya, ragewa take yi, gidan sauro da magani suna nan a matsayinsu. Saboda haka ba zan ce jinin Iya yana cikinta ba. Abin da zan iya cewa shi ne, hanyar da aka bi ita ce dai waccan: a duba abin da garkuwar mutum ta kama, a bi sawunsa. Na kuma karanta cewa ana gwada wata dabarar, a zaɓi garkuwa mai ƙarfi daga jinin mutum guda, a ƙera irinta da yawa, a yi wa yaro allura ɗaya ta raka shi ya ƙetare damina. Da na karanta wannan sai da na ajiye takardar na fita waje. Ba ina cewa Iya ta hango wani abu ba ne. Tsohuwa ce da aka ba amana, ta duba abin da take da shi ta ga jini ne kawai.

Lungunmu yanzu an zuba masa siminti, an cike rabin kududdufin an yi shaguna, ba mai yaɓe. Sauro dai yana nan. Jikokina suna kwana a gidan sauro marar faci, duk da haka in na ji ɗayansu da ɗumi nakan kama tafin hannunsa in duba, su yi ta dariya.

Yaya Lawal ya rasu. Rabi tana nan a Tudun Jukun wajen ɗanta, wanda ke goye a bayanta ranar ruwan farkon nan, kuma ta riga ta gyara mini wasu wurare. Ina roƙon sauran waɗanda suka ga wannan damina, mutanen Ƙofar Kibo da iyalan Malam Iro, duk inda na kuskure su aiko mini da gyara, ba zan ji haushi ba. Roƙona na biyu ga waɗanda suka yi aiki a ɗakin gwajin nan ne, ko a can inda aka kai akwatin ƙanƙarar, in akwai mai rai a cikinsu da wannan zai isa gare shi. 'Yar ƙaramar kwalba ce, ruwan ciki rawaya, da farin zaren kaɗi a wuya, ƙulli biyu. Wanda ya gan ta, ko a kan teburi ko a cikin shara, ya taimaka ya gaya mini. Ko wacce ce amsar ina so in ji, domin har yau, in ruwan farko ya sauka, ba ni da abin cewa sai tukuna.